Babi na Shida: Zazzaɓin Kankare

Duk inda gada ta tsage a ƙasar nan, jama'a ba sa jiran alƙali. Hukunci ɗaya ne: an cinye siminti. Ka zauna a tashar motar Tambuwal ranar kasuwa, ka kasa kunne ga direbobin da ke bin hanyar Kebbe, ba za ka tashi ba sai ka ji an ambaci wani kwalbatin da ya dare tun bai ga damina biyu ba, an kuma tsine wa ɗan kwangilar da ya yi shi. Sau da yawa kuwa gaskiyarsu ce. Wanda aka rubuta wa buhu bakwai ya kwaɓa huɗu, ɓarawo ne, ba shi da wani suna. Sai dai akwai wata tsagewar da babu hannun ɓarawo a cikinta, wadda ma yawan simintin ne ke jawo ta. Ita ce ke addabar manyan ayyuka: gindin gada, bangon madatsar ruwa, harsashin tankin ruwan gari, da duk wani zubin da kaurinsa ya kai mita guda ko ya zarce.

Daga bakin wani mai gadi na fara jin wannan karatu. Ina ɗan koyo a lokacin, aka tura ni wani aikin gada a ƙasar Kebbe, a kan wata ƙoramar da ke bushewa ƙayau da rani, amma da damina ta cika ta batse, ta raba ƙauyuka da kasuwa, kafin ta gangara Gulbin Zamfara. Tsakiyar hunturu ne. Aka wuni ana zuba gindin ginshiƙin farko, leburori sun jeru da kwanon sarki a ka tun daga bakin injin kwaɓi har ramin, ba a gama ba sai bayan isha'i. Kwana biyu da yin haka na fito da asuba ina makyarkyata cikin rigar sanyi, sai na iske tsohon da ke gadin wurin ya baro bukkarsa da wutar da ya hura, ya shimfiɗa buzunsa a gindin katakon da aka tokare kankaren da shi, ya jingina bayansa yana jan carbi.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya ka baro wuta ka dawo nan?"

Ya ce, "Yaro, taɓa ka ji. Wanga abu wuta gare shi ciki. Tun da anka zuba shi nan nika kwana, ko bargo ban jawowa."

Na zura hannu ta saman katakon na dafa kankaren. Ɗumi ne sosai, irin na goshin mai zazzaɓi, ga shi iskar da ke dukan bayan hannuna kamar reza.

Da hantsi heluma ya iso, ya ce a ɓalle katakon, ana bukatarsa a ɗaya gindin. Aka ɓalle. Ya ce a kawo tanka a shayar da kankare, ai kankare ruwa yake so. Aka kwarara masa ruwan da ya kwana a tanka cikin sanyin hunturu. Kafin la'asar ɗin washegari wasu siraran layuka kamar gashi sun fito a jikinsa, wasu a tsaye, wasu a karkace. Ba wanda ya saci ko da cokali guda na siminti a wannan aiki. Hasali ma mai kwangilar, don gudun abin faɗa, shi ya ce a riƙa ƙara siminti a kowane kwaɓi. Ƙarin nan, da cire katako da wuri, da ruwan sanyin da aka yi don kyautatawa, su suka taru suka tsaga shi.

Kuskuren da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne zaton da muke yi cewa kankare bushewa yake yi, kamar tubalin laka a rana. Ba haka ba ne. Garin siminti da ruwa haɗuwa suke yi su rikiɗe su zama dutse, shi ya sa kankare ke ƙarfi ko a ƙarƙashin ruwa. Wannan haɗuwa kuwa zafi take fitarwa. Dama siminti ɗan wuta ne. A Kalambaina, nan kusa da Sakkwato, inda aka fara yin siminti tun 1967, dutsen farar ƙasa da laka ake gasawa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a niƙa. Ka ce wani kaso na wutar nan ne ke kwance cikin garin, ruwa ya zo ya tashe shi.

A dekin gida ko daɓen ɗaki ba a lura da wannan zafi, don sirara ne, yana fitowa iska na kwashewa. Babban zubi kuwa kamar ƙatuwar malmalar tuwo yake: sama ta huce ta yi fata, amma ka soka yatsa ciki ka ƙone. Kankare ba ya sakin zafi da sauri. Abin da tsakiyarsa ta tara sai ya yi kwana da kwanaki yana neman hanyar fita.

Ga lissafin da injiniyoyi ke riƙewa a ka. Kowane buhu biyu na siminti, wato kilo 100, a cikin mita guda ta kankare tsawo da faɗi da zurfi, yana ɗaga zafin cikin babban zubi da kamar digiri 10 zuwa 12. Mu ɗauki gindin gada mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, kaurin mita ɗaya da rabi, a kwaɓa shi da buhu bakwai a kowace mita. Buhu 252 ke nan a rami guda, kuma zafin cikinsa zai haura da wajen digiri 35 zuwa 40 a kan wanda aka zuba shi da shi. In a watan Afrilu ne, lokacin da rana a ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40, tsakuwa ta wuni a fili, ruwa ya fito daga baƙin tankin roba, to kwaɓin zai iya shiga rami yana digiri 35. Haɗa biyun. Cikin kwana ɗaya zuwa uku tsakiyarsa ta kai digiri 70 ko fiye, zafin da zai dafa ƙwai.

Adadi biyu ne mai kula da irin wannan aiki ba ya wasa da su. Na farko 70: kada cikin kankare ya wuce wannan digiri, don in ya wuce, wani gishiri da ya kamata ya samu tun kwaɓin yana ɗanye sai ya jinkirta, ya zo ya kumbura bayan shekaru idan danshi ya ratsa shi, ya fasa kankaren daga ciki. Na biyu 20, shi ne kuma ya fi shafar mu: kada bambancin zafi tsakanin ciki da fatar waje ya wuce kamar digiri 20.

Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san dalilin wannan na biyun. Gilashin ya yi zafi, ɗigon ruwa guda ya faɗo masa, sai ka ji ƙas. Wurin da ruwan ya taɓa ne ya tsuke farat ɗaya, sauran bai tsuke ba. Haka kankare: abu in ya yi zafi yakan buɗe, in ya huce ya tsuke. Fatar waje ta sha iska ta huce tana son tsukewa, ciki kuwa yana nan a buɗe ya ƙi ba ta hanya. Sai fatar ta shiga jan kanta. Nan ne kuma raunin kankare yake. Wajen ɗaukar nauyi jarumi ne, amma wajen ja, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, balle yana ɗan kwana biyu.

Akwai kuma wata tsagar da ba ta fitowa sai an yi makonni. A zuba dogon bango a kan harsashin da ya riga ya huce ya daskare. Bangon ya yi zafinsa, ya fara hucewa, yana son ya gajarta. Bango mai tsawon mita 10 in ya huce da digiri 30, milimita 3 yake tsukewa. Ba yawa a ido, amma harsashin ya riƙe masa ƙafa ya hana shi motsi, sai milimita ukun nan su fito a matsayin tsaga, a tsaye, daga ƙasa zuwa sama, jefi-jefi a tsawon bangon. Wanda ya duba bangon fukafukin kwalbatoci a hanyoyinmu zai ga irinsu. Wannan ita ce mai haɗari, don takan ratsa daga wannan fuska zuwa waccan.

Wani zai ce tsagar da ko farce ba ya shiga, me za ta yi wa gada? A ranar, ba komai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren kankare kuwa ruwa ne. Ya bi tsagar ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma sai ta turo kankaren waje, ya ɓamɓare, ruwa ya ƙara samun ƙofa. Shi ya sa a yawancin gine-gine ba a yarda tsaga ta wuce milimita 0.3 ba, a abin da zai riƙe ruwa kuwa 0.2. Gadar da aka zana don jikoki su taka, sai a wayi gari ana yi mata faci tun wanda ya buɗe ta bai sauka daga mulki ba.

Cikin waɗanda suka fara yin gaba da gaba da wannan matsala da gaske akwai maginan madatsar Huba a kan kogin Kolorado a Amurka, tsakanin 1931 da 1936. Da suka yi lissafi sai suka ga in aka zuba ta a dunƙule, za ta yi shekara 125 kafin ta huce, kuma kafin nan ta tsattsage. Sai suka yanka aikin gida-gida, kowane hawa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, suka binne siraran bututun ƙarfe a ciki, tsawonsu gaba ɗaya ya haura kilomita 900. Suka riƙa tura ruwan kogi ta ciki, daga baya ruwan sanyi daga wata masana'antar da ke iya yin tan 1,000 na ƙanƙara a yini. Da aka gama aka cike bututun da siminti. Madatsar tana nan tsaye har gobe. A Dubai ma, da ake gina Burj Khalifa mai tsawon mita 828, da zafi ya tsananta cikin dare ake zubi, ana haɗa kwaɓin da ƙanƙara. (Bahaushe dai ya huta: tsakanin kankare da ƙanƙara 'yar lanƙwasa ce a kan harafi da wasalin ƙarshe, ashe kuma ɗayan maganin ɗayan ne.)

Mu ma ba baƙin babban zubi ba ne. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, yawancinta tarin ƙasa ne, amma tsakiyarta, inda ƙofofin ruwa suke, kankare ne zalla. A Goronyo ma mafitar ruwan ta kankare ce. Waɗannan kuwa manyan kamfanoni ne suka yi su, da injiniyoyinsu da ɗakunan gwajinsu. Abin da ya sauya yanzu shi ne babban zubi ya sauko hannun ƙananan 'yan kwangila. Siminti ya wadata, tun da BUA ta faɗaɗa masana'antar Kalambaina a 2018 ta sake ƙarawa a 2022. Gwamnatin tarayya ta koma yin titi da kankare, har an ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagiri daga Illela a 2024. Ƙananan hukumomi da 'yan majalisa na ba da aikin gadoji da tankunan ruwa. Mutumin da iyakar saninsa dekin bene, yau shi ke zuba gindin gada mai buhu ɗari biyu da hamsin, da dabarar dekin bene.

To mai aiki a Dogon Daji ko Kuchi, wanda ba shi da masana'antar ƙanƙara, ya zai yi? Ƙanƙara tana aiki ƙwarai: kilo guda nata in yana narkewa, yana shanye zafin da ya kai na sanyaya kilo guda na ruwa da digiri 80. Sai dai a daka ta, a lissafa ta cikin ruwan kwaɓi, a kuma tabbata ta narke tas kafin a juye. Amma wanda ya san kuɗin ƙanƙara a Tambuwal da bazara, musamman in azumi ya faɗo ciki, ya san wannan shawara ce ta masu wutar lantarki. Abin farin ciki, ba a nan gizo ke saƙa ba. Fiye da kashi biyu cikin uku na kankare tsakuwa ce da yashi, don haka su ke yanke zafin kwaɓi. In kana so ka rage wa kwaɓi digiri ɗaya, ko dai ka rage wa siminti digiri 8, ko ruwa digiri 4, ko kuwa tsakuwa digiri 2 kacal. Rumfar zana a kan tarin tsakuwa, da yaro guda mai yayyafa mata ruwa tun daga jajibirin zubi, aikin randa suke yi: ruwan na tashi yana tafiya da zafin. Ruwan kwaɓi a jawo shi kai tsaye daga rijiya, ko a binne tankin, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. A fara zubi bayan magariba a gama kafin hantsi. Duk wannan bai kai kuɗin buhu goma na siminti ba.

Sai kuma abin da ke da wuyar faɗa a gaban jama'a: a rage siminti. Ba na ce a sata ba. Na ce a sa iya abin da gwaji ya nuna zai ba da ƙarfin da zane ya nema, kada a ƙara ko kwano don neman suna. Tsakuwa manya-manya, inda tazarar rodi ta ba da dama, tana rage gurbin da siminti zai cike. A kuma karanta jikin buhu. Siminti mai lamba 42.5 da harafin R an yi shi ne don ya yi ƙarfi da wuri, abin da masu buga bulo ke so, saurin nan kuwa saurin fitar da zafi ne. A rami mai zurfi, mai tafiya a hankali ya fi. A wasu ƙasashe ana maye wani kaso na siminti da tokar kwal ko dattin narkar da ƙarfe. Mu abin da muke da shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa, daga nan har Jega da Argungu, ɓuntun shinkafa ne, kuma tokarsa tana wannan aiki, jami'o'inmu sun daɗe suna gwada ta. Amma sai an ƙona shi da awo, zafin bai wuce wajen digiri 700 ba, an niƙa tokar lukui. Wanda ya ɗebo toka daga juji ya zuba a gindin gada, ya nemi wani ya kare shi, ba ni ba.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, don shi ne hankali ya fi ƙi. Kankare mai zazzaɓi lulluɓe shi ake yi. Ba za ka iya sanyaya cikinsa daga waje ba, abin da za ka iya shi ne ka hana fatar hucewa ta bar ciki a baya. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗora leda ko tamfol don kada danshin ya tsere, a bi da zana ko karan dawa ko tsofaffin barguna. Katako a bar shi a jiki kwana biyar, bakwai, ko fiye, don shi ma bargo ne, ya ma fi farantin ƙarfe riƙe ɗumi. Ruwan shayarwa ya zama wanda ya sha rana, kada ya zama na asuba. Ranar buɗewa a yaye rufin kaɗan-kaɗan, da tsakar rana. Saboda wannan ne nake ganin hunturu ya fi bazara haɗari a wajenmu. Bazara kowa na jin tsoronta. Hunturu kuwa ma'aikata na jin daɗin aiki, kwaɓi na shiga da sanyi, sai a saki jiki, alhali cikin zubin zai haura digiri 60 duk da haka, dare kuma ya sauko wajen 15, ga busasshiyar iska tana lashe ruwan saman tun bai daskare ba.

Duk waɗannan dabaru lalube ne cikin duhu in babu awo. A manyan ayyuka ana ɗaure 'yan wayoyin auna zafi a jikin rodi kafin zubi, ɗaya a tsakiya, ɗaya kamar yatsu uku daga fata, ɗaya a inuwa don iska. Inda babu su, guntun bututu biyu masu toshasshen gindi sun isa: a kafa dogo har tsakiya, gajere kusa da fata, a zuba ruwa a ciki, a toshe baki, a riƙa zura ma'aunin zafi da zare duk bayan awa uku ko huɗu, dare da rana, ana rubutawa a littafi. In tazarar ta doshi 20, a ƙara bargo. Ba a ɓalle katako sai littafin ya nuna ciki ya sauko. Gwajin da muka saba, wato ɗiban kwaɓi a 'yan akwatuna masu santimita 15 a kai ɗakin gwaji a fasa bayan kwana 7 da kwana 28, yana da kyau, amma makaho ne ga wannan cuta. Ɗan akwatin ya huce cikin awa kaɗan, ya kwana cikin ruwa, ya ci jarrabawa, alhali uwar da aka ɗebo shi daga jikinta ta riga ta tsage.

Littafin ma ba shi da amfani in mai riƙe da shi ba ya iya cewa a dakata a dakata. A gadar nan ta ƙasar Kebbe na ji a jikina cewa kwarara ruwan nan ba daidai ba ne, amma ni ɗan koyo ne, heluma ya haife ni, mai kwangila na lissafin kuɗin hayar katako, injiniyan da ya sa hannu a takarda kuwa yana Sakkwato, sai ranar biyan kuɗi ake ganinsa. Tun 1970 ake da hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista, kuma hatimin da ta ba mutum amana ce, ba ado ba. Wanda ya buga hatiminsa a zanen zubi mai kaurin mita ɗaya da rabi, bai rubuta iyakar zafi ba, bai faɗi ranar cire katako ba, bai kwana a wurin a daren farko ko ya wakilta wanda ake jin maganarsa ba, to rabin aikinsa ya yi, ya karɓi kuɗin duka.

Kai kuma mai karatu, in aka kawo aikin gada ko tankin ruwa garinku, ka ci gaba da ƙirga buhunan siminti kamar yadda aka saba, ba laifi. Amma a rana ta biyu bayan zubi ka sallaci asuba ka taka zuwa wurin. In ka iske kankaren tsirara, an ɓalle katako, ana kwarara masa ruwan sanyi, ka wuce gidan mai gari tun rana ba ta fito ba, ku zo tare ku nemi a nuna muku littafin awo.